Fangalin Mai Moussa

Mai Moussa mutumin Miriya ne, kusa da Damagaram. Ya fi shekara arba'in a Montreuil, gefen Paris, amma har yau in ka tambaye shi inda yake zaune sai ya ce maka Miriya, nan aiki ne kawai ya riƙe shi. Aikin kuwa ya ƙare tuni. Ya yi shara a tashoshin metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ya yi dako a kasuwar sarin kayan miya, daga baya ya yi gadi a wani wurin ajiye motoci har ƙarfinsa ya fara ja baya. Ɗakinsa yana cikin fwaye, gidan kwanan ma'aikata baƙi, inda yawancin mazauna mutanen Mali ne, kuma ya koyi yarensu daidai gwargwadon abin da zai ishe shi musu da su a kan dahuwar shinkafa. Matarsa da 'ya'yansa suna gida. Yakan je ya yi 'yan watanni ya dawo da tsabar albasa da ta kuɓewa a ƙulle cikin safa.

Ta garka na san shi. A saman gari, bayan tsofaffin katangu, akwai wani fili da aka yanka ƙanana ana ba mazauna Montreuil su yi ɗan noma. Yankina da nasa suna jere, waya ce kawai ta raba mu. Ranar farko ya ji ina magana da Hausa a tarho, ya jira na gama, ya yi mini doguwar gaisuwa, sannan ya tambaye ni asalina. Na ce Maradi, amma kakannina Fulani ne. Sai ya aje hauyarsa ya ɗaga hannu biyu sama.

"Alhamdu lillahi," in ji shi. "Na roƙi Allah ya ba ni ɗan aiki, ga shi ya aiko mini bawana har Faransa."

Shi Babarbare ne, ni Bafillace, wasa ke tsakaninmu tun kakanni. Daga ranar bai taɓa kirana da sunana ba. Bawana, ko Bafillace, ko in ya ga dama, mai saniya. Ni aikina fassara ne a wata ƙungiyar ƙasa da ƙasa a Paris, inda kowa ke auna kalmarsa kafin ya furta, don haka na ji daɗin samun mutum ɗaya da ba ya auna komai a kaina. Abin da ban lura da shi ba a lokacin shi ne, mutumin da kuke wasa da shi ba ya jin maganarka da gaske. Duk abin da ka faɗa masa, sai ya jefa shi cikin wasan ya mayar maka.

Noma a wurin Mai Moussa iri ɗaya ne, wanda ya koya a garkar ubansa yana yaro mai jan jigo. Kowace shuka sai an yi mata fangali: a haƙa ƙasa ta yi zurfi kaɗan, a daidaita cikinta kamar faranti, a kewaye ta da ɗan tudu, yadda in an zuba ruwa zai tsaya ya nitse a hankali, ko ɗigo ba zai gudu ba. Ban taɓa ganin wanda ya kai shi iya wannan aiki ba. Da ido yake gwadawa, kuma in ya zuba bokiti ɗaya, ruwan zai kwanta daidai a kowane lungu. Ƙasar filin namu mai laushi ce, tana shanye ruwa nan da nan, saboda haka albasarsa da yakuwarsa suna yin kyau, Turawan da ke kusa suna zuwa kallo. Zogale ne kaɗai ya gagare shi. Kowace bazara sai ya shuka, kowane hunturu sai sanyi ya kashe shi, kuma kowace shekara laifin na wanda ya sayar masa da iri ne a Damagaram. Na taɓa gaya masa cewa zogale ba ya jure ƙanƙara. Ya ce Bafillace ya tsaya a kan abin da ya sani, wato gindin saniya.

Garkar da sunana take, amma ta Zouera ce. Ita ce 'yar farinmu. Uwarta, Aïcha, ba ta taɓa kiran sunanta ba, ni ma a rubuce na fi iya shi. A Paris aka haife ta, Hausarta gauraye take da Faransanci, kuma Mai Moussa ya ɗauki gyaran Hausar tata a matsayin aikinsa na biyu. Tana ce masa Tonton, wato kawu. Ita ta samo saiwar furambuwaz wurin wata tsohuwa 'yar Portugal da ke barin nata yankin, ta dasa su a jere gefen wayar da ta raba mu da shi. Furambuwaz kara ne mai ƙananan ƙayoyi, tsayinsa ya kai ƙirjin mutum, yana yin 'ya'ya ja masu laushi masu ɗan tsami. Mai Moussa ya sa musu suna ƙayar Nasara, ya ce bai ga dalilin da mai hankali zai ba ƙaya taki ba. Amma duk reshen da ya leƙa ɓangarensa, ba a samun ɗa ko ɗaya a jikinsa. Zouera takan ce tsuntsayen gefen Tonton sun fi na ko'ina ƙwazo, shi kuma ya ce lalle, tsuntsayen Faransa ba su da tarbiyya.

Ciwon jini ne ya ɗauke ta, cikin ƙasa da shekara ɗaya, tana da shekara ashirin da shida. Lokacin da take kwance a likita, shi ke ba shukar ruwa, ba wanda ya sa shi. Mun kai ta Maradi an rufe ta kusa da mahaifiyata, kamar yadda Aïcha ta so. Da muka dawo mutane suka ci gaba da zuwa gaisuwa, kowa yana magana ƙasa-ƙasa, ni kuma na kasa cin abinci. Mai Moussa ya shigo da kwanon tuwo daga fwaye, ya aje a gabana cikin taro, ya ce ko sai an tatso mini nono sannan zan buɗe baki, Fulani dai ba su san abinci ba. Wasu suka sunkuyar da kai don kunya. Ni na yi dariya, ta farko tun rasuwar, na kuma ci tuwon. Ba wanda ke da ikon yi mini haka sai shi.

Tunda kabarinta yana Maradi, ba ni da wurin zuwa a Faransa sai wannan jeri na furambuwaz. Na koyi kula da su. Na karanta, na yi tambaya a shagon kayan shuka, na gane cewa kowane kara shekara biyu yake yi: ya fito, ya yi 'ya'ya, ya bushe, a yanke shi. Wato bayan shekara biyu babu sauran kara ko ɗaya da hannunta ya taɓa. Saiwar ce tata, wadda ke ƙarƙashin ƙasa tana turo sababbi. Saiwar nake so ta rayu, ba wani abu ba.

Da na aje aiki, ɗanmu Nassim ya matsa mu koma kusa da shi a Bron, gefen Lyon, inda yake da gida mai ɗan fili a baya. Aïcha ta amince tun kafin ya rufe baki, don ta gaji da bin titunan da yarinyar ta bi. Wanda ya bar Montreuil kuwa dole ya saki yankinsa a ba wani. Na yanke shawarar tone saiwar in tafi da ita. Matsalar ita ce bayana. An yi mini aiki a ƙashin baya shekarar da ta gabata, likita ya hana ni haƙa da felu da ɗaukar kaya, Nassim kuma bai taɓa riƙe hauya ba a rayuwarsa. Ban roƙi Mai Moussa ba. Shi ya sanar da ni cewa shi zai yi, kuma zai bi mu har Lyon, don ba zai bar amanar ɗiyarsa a hannun makiyayi ba.

Musun farko a kan lokaci muka yi shi. Yana so a tone furambuwaz ɗin cikin watan Yuni, suna kore shar, ana ruwa, domin a wurinsa dashe da damina ake yi. Na yi masa bayani cewa wannan shuka sai ta zubar da ganye ta yi barci, wajen Nuwamba, sannan ake motsa ta. Ya ce wa ya taɓa dasa busasshen kara in ba wanda ya yi karatu da yawa ba. Ban ci wannan musu ba, ranar ƙaura ce ta ci mini shi, don sai Nuwamba gidan Nassim ya zama a shirye. Da lokacin ya zo kuwa, Mai Moussa ya riƙa gaya wa maƙwabta cewa shi ya ce a jira sanyi.

Tonon ya yi shi da kyau, ba zan rage masa wannan ba. Saiwar furambuwaz ba ta yin zurfi, yaɗuwa take yi kusa da sama, sai ya buɗe ƙasar da faɗi, ya riƙa sa yatsu yana bin kowace jijiya, yana ɗago gindi da ƙasarsa. Na ce a rage tsawon karan zuwa gwiwa, ina jiran gardama, sai ya ce ai ko albasa ana yanke mata ganye kafin dashe, ashe Bafillace ya fara koyo. Ya naɗe kowane gindi cikin jiƙaƙƙen buhu. A motar kaya da Nassim ya ɗauko, ya ƙi yarda a sa su a baya tare da katifu. A gabansa ya jera su, manyan biyu a kan cinyarsa, ya zauna haka har Lyon, laka tana jiƙa masa riga, yana ba Nassim labarin yadda Zouera ta taɓa cewa "na sha tuwo" ya yi mata dariya mako guda.

Filin bayan gidan Nassim ba irin ƙasar Montreuil ba ce. Laka ce mai nauyi, irin wadda magina ke bari, in ka dunƙule ta a hannu sai ta zauna kamar ta ginin tukunya. Na riga na tambaya, na san abin da ake yi a irin wannan ƙasa: a tada tudu, a gauraya da taki da ruɓaɓɓen ganye, a dasa a samansa, kada gindin ya nitse fiye da yadda yake a da, don saiwar furambuwaz ba ta son kwana cikin ruwa. Na faɗa wa Mai Moussa wannan tun a mota. Na sake faɗa da safe muna shan shayi. Ya ce to.

Na shiga ciki in taya Aïcha jera littattafai, da na fito na tarar ya ja layi ya fara fangali.

"Mai Moussa, ba haka muka yi da kai ba," na ce. "Sama za a tada su, ba ƙasa ba."

"Sama? Tuta ce?"

"Ruwa zai kwanta a nan."

"To me ake nema? Kai da ka saba bin shanu daga rijiya zuwa rijiya, yau kai ne ke gudun ruwa."

Na ce masa nan ba Miriya ba ce, a nan ruwa ne ke kashe shuka, ba ƙishirwa ba. Ya ce a duniyar Allah bai taɓa jin shukar da ta mutu don an ƙoshe ta ba. Na kawo masa hujjar ƙasar, na dunƙule laka na nuna masa. Ya karɓa ya murza, ya ce madalla, ƙasa mai riƙe ruwa, ubansa da ya sami irinta da ya yi aure na biyu. Na ce mutumin shagon shuka ma haka ya faɗa. Ya tambaye ni ko mutumin shagon ya taɓa ciyar da gida da garka, ko kuwa sayar da tukwane yake yi. Kowace magana na kawo, yana da amsarta, yana dariya, felu bai tsaya ba. Nassim yana tsaye yana dariya shi ma, don a kunnensa wannan shi ne abin da muka saba yi shekara da shekaru. Da na ɗan ɗaga murya, Aïcha ta leƙo ta taga ta kira ni ciki, ta ce dattijo ya bar ɗakinsa ya yi tafiyar yini da laka a jiki saboda 'yarmu, ba zan tsaya a kansa kamar shugaban leburori ba.

Sai na zauna a kujera ina kallo. Ya yi fangali mafi kyau da na taɓa ganin ya yi, kusurwa huɗu daidai, ciki sumul. Ya dasa gindin da zurfi, ya ce don kada rana ta taɓa saiwa, a watan da ba a ganin rana sai jefi-jefi. Sannan ya ɗaga kai ya ga bututun da ke sauko da ruwan rufin gida yana zubarwa cikin magudana. Ya tsaya yana kallonsa kamar ya ga ana zubar da hatsi. Kafin la'asar ya cire ƙarshen bututun, ya haƙa 'yar hanya daga bango har bakin fangalin, yadda duk ruwan da ya sauka a rufin Nassim zai ƙare a gindin furambuwaz ɗin Zouera. Ya kira mu duka mu gani. Ya zuba bokiti a bakin hanyar, ruwan ya bi ta, ya shiga, ya kwanta daidai a kowane lungu, bai nitse ba.

"Ka gani?" ya ce mini. "Ko ka manta da su wata guda, ba abin da zai same su. Don irinku na yi shi."

Kwana biyu ya yi a wurinmu. Ranar da Nassim ya kai shi tashar jirgin ƙasa, kafin su kai bakin titi na sa matar Nassim ta taya ni muka mayar da bututun, muka toshe hanyar da bulo. Da Nassim ya dawo na sa shi ya fasa tudun fangalin ta gefe biyu. Bai yi wani amfani ba. Rami a cikin laka kwano ne, ko ka fasa bakinsa cikinsa yana nan. Kuma a makon aka fara ruwa, irin na ƙarshen shekara, marar ƙarfi, marar tsayawa. Na koma shagon shuka, suka ce in ban tone su yanzu ba akwai haɗari, in na tone su cikin taɓo ma akwai haɗari, gara in jira ƙasa ta ɗan tsane. Ba ta tsane ba. Kowace safiya ina fita da kwanon roba ina kwashe ruwa a durƙushe, abin da bayana ya yarda da shi ke nan, kafin azahar ya dawo. Da sanyi ya tsananta, sai ruwan ya zama ƙanƙara, karan suna tsaye a ciki kamar an dasa su a gilashi.

Mai Moussa yana kira duk Juma'a bayan masallaci. Gaisuwa a gajarce, sannan ya ce in nuna masa aikinsa a waya. Ranar da ya ga an fasa tudun ya ce wane jaki ne ya bi ta kan fangalinsa. Na ce ni ne, kuma ruwa ya yi yawa. Ya ce ruwa ba ya yawa, haƙuri ne ke yin kaɗan, in mayar da tudun in bar shuka ta sha.

Cikin Fabrairu aka sami 'yan kwanaki ba ruwa. Nassim ya ɗago gindi ɗaya da felu. Saiwar ta yi baƙi, tana saɓulewa a hannu, tana warin kwata. Muka ɗago na biyu, haka. Sauran muka mayar da su kan tudu kamar yadda ya kamata tun farko, na ce ko da rai a wani. Maris ya wuce, Afrilu ya shigo, itatuwan unguwa duk suka yi ganye, turam, jirgin cikin gari, yana wucewa ta ƙarƙashin furanni. A tudunmu ko tsiro ɗaya bai fito ba. Aïcha ta daina buɗe labulen tagar da ke kallon wurin.

Na gaya wa Mai Moussa a waya. Ya yi salati, sannan ya ce ruwan Lyon ne, tun da ya sha shayinmu ya ji yana da wani ɗanɗano. Ko kuma, in ji shi, fasa tudun da aka yi ne ya sa iska ta shiga. Na ce masa sai an jima. Juma'a biyu ban ɗauki kiransa ba.

A ta uku Nassim ya miƙo mini tasa wayar, ya ce Tonton ne, ya ce maganar gaggawa ce. Mai Moussa ko gaisuwa bai ƙarasa ba ya ce ƙayar Nasara ta fito. Ban gane ba sai da ya maimaita. Gutsattsarin saiwar da suka rage a tsohon yankinmu sun turo sababbin tsiro. Matar da aka ba wurin, wata Madam Sofia, tana son tumatir, ta tuge duk na ɓangarenta ta zubar kafin ya ankara. Amma wasu sun ratsa ta ƙarƙashin waya sun fito a ɓangarensa, tsakiyar albasa.

Washegari na hau jirgi zuwa Paris, na bi metro har ƙarshen layi, na hau tudun saman gari da ƙafa a hankali. Yana jirana a bakin ƙofar filin, ya sa hular Juma'a ko da yake Asabar ce. Ya kai ni wurin. Tsiro ne 'yan kaɗan, ba su wuce tafin hannu ba, ganyensu kore mai haske, gefensa kamar zarto. Ya tuge albasarsa da ke kewaye da su don ya ba su wuri, shi da ba ya yarda a taɓa masa ko ganyen albasa. Kuma ya riga ya yi musu fangali. Ya zurfafa shi fiye da na kullum, ya jawo tiyo daga gangar ruwan sama ya aje bakinsa a ciki, ƙasar tana ƙyalli. Ya ce safe da yamma yake cika shi. Ya ce in Allah ya kai mu damina mai kyau, shi da kansa zai kawo mini su Bron ya sake dasawa, wannan karon kuma kada wani mai saniya ya taɓa masa tudu.

Ƙasar Montreuil tana shanye ruwa, na sani, wataƙila da sun jure. Amma su ne suka rage, babu wasu a ko'ina.

"Mai Moussa," na ce, "ka saurare ni. Ba wasa nake yi ba."

"Yaushe Bafillace ya taɓa yin..."

"Ba wasa nake yi ba. Ba ruwan Lyon ba ne, ba iska ba ce. Fangalinka ne ya kashe su. Na gaya maka kafin ka haƙa, na gaya maka kana haƙawa. Waɗannan su ne na ƙarshe. Ina roƙonka ka cire tiyon nan, kada ka ƙara zuba musu ruwa, kada ka tone su."

Ban ɗaga murya ba. Ya dube ni yana jiran inda dariyar za ta fito, da bai gan ta ba sai ya dubi ƙasa. Madam Sofia tana can gefe tana ɗaure tumatir, ta gaishe mu. Sannan ya sunkuya ya ja tiyon ya naɗe shi a hankali ya rataye. Ya ɗauko felu, ya debo ƙasa busasshiya daga gefe, ya cike fangalin da hannunsa har ya daidaita da sauran wuri, yana kaucewa tsiron. Da ya gama ya tambaye ni ko haka ya yi. Na ce ya yi. Ya ce to, Malam Idrissa, Allah ya raya su.

Ya raka ni har bakin metro kamar yadda ya saba, ya tambayi lafiyar Hajiya Aïcha da Nassim da iyalinsa ɗaya bayan ɗaya, ya yi mini addu'ar sauka lafiya, duk cikin ladabi irin wanda ake yi wa baƙo. Da na gaya wa Aïcha abin da ya faru, ta ce da na bari sai ita ta faɗa masa ta wata hanya. Na tambaye ta wace hanya ce ban bi ba tun Nuwamba. Ni dai ban janye abin da na faɗa ba, don gaskiya ne.

Yana nan a fwaye. An ce ya sake shuka zogale bana. Har yanzu yana kira ranar Juma'a, gaisuwa cikakkiya, sannan rahoton tsiron a taƙaice. Ban san ko zan motsa su a Nuwamba ba, ko in bar su a wurinsa. Shekarunsa sun haura saba'in, kuma ranar da ya saki yankin, wani mai son tumatir za a ba. Nassim ya tada sabon tudu a Bron ya zuba masa taki, yana nan ba kowa a kansa. A kiran makon jiya Mai Moussa ya ce sun kai masa gwiwa, amma zafi ya yi yawa, ganyen ƙasa ya fara lanƙwashewa. Na tambaye shi ko yana ba su ruwa. Ya ce a'a, tunda na hana. Na ce a irin wannan zafi ai sai a ba su kaɗan, bokiti ɗaya a gindi, da yamma. Ya ce in faɗa masa girman bokitin da kuma ranakun, don kada ya yi kuskure.